Tabon Fuskar Senja da Saunar Gidan Miji

Jorma, kife wayar nan a kan tebur. Sirkku, bar kwanukan, ba gudu za su yi ba, zo ki zauna kusa da ƙaninki Pentti. 'Ya'yana, kun girma har furfura ta fara leƙo ku, amma abin da ke faruwa a danginku sai dai ku tsinta guntu-guntu a bakin wasu. Yau za ku ji shi daga tushe. Labarin Senja ne, matar Aarne, ɗan yayata Orvokki, kuma kada wanda ya katse ni.

Senja malamar ƙananan yara ce a garin Kuopio. Uwarta 'yar nan ce, ubanta mutumin ƙasar Chile, shi ya sa fatarta ta fito kalar alkama, ba irin tamu mai kama da dafaffen kifi ba. Aarne kuwa kun san shi, direban injin sare itace, mutumin da sai ya wuni bai furta abin da zai cika cokali ba. Motarta ce ta zame a dusar ƙanƙara ta faɗa kwata, ya zo ya jawo ta, bai ko tambayi sunanta ba. Bayan nan sai ga shi a ƙofar gidanta, wai ya zo duba famfonta. Famfon lafiyarsa ƙalau. Ya dawo ya sake dubawa, ya kuma dawowa, har ranar da ita da kanta ta ce masa in aure yake so ya faɗa, don famfon ya gaji da kwancewa. Ya ce, "To." Soyayyar mazanmu ke nan. Amma tana son sa, shi ma yana son ta, wannan ba wanda zai musa.

Da ta sami cikin 'yarsu Vilja sai wani duhu ya fara sauka a fuskarta. Ya kwanta a kumatu biyu kamar an shafa mata ruwan kofi, ya hau goshi, ya zauna a saman leɓe kamar inuwar gashin baki. Ungozoma ta ce na ciki ne, zai tafi bayan haihuwa. Aka haihu, aka yaye, tabo yana nan daram. Yaran makaranta sukan tambaye ta ko koko ta sha ba ta goge baki ba. Wannan ba ya yi mata zafi, yaro yaro ne. Abin da ya ƙona mata rai shi ne ranar da surukarta Orvokki, mace mai jikoki, ta miƙo mata jiƙaƙƙen tsumma a kan teburin cin abinci, a gaban baƙi, ta ce ta goge bakinta. Ta san sarai ba datti ba ne.

Sai ga Minttu, ƙanwar Aarne, mai shagon gyaran fata da farce. Ta je ta yi wani kwas na ƙarshen mako, ta sayo na'ura mai walƙiya, ta rataya takarda a bango, shi ke nan ta zama likita. Ta ce da Senja, "Ke, wannan ai ƙaramin abu ne. Zama biyu zan share miki shi fes, kyauta ma, tunda ke ta gida ce."

Zuciyar Senja ba ta kwanta ba. Amma ta san in ta ƙi za a ce ta raina sana'ar 'yar gida, don haka ta je ta kwanta a kujerar. Minttu ta ƙure wa na'urar ƙarfi kamar mai ƙona gashin ƙafa, tana yi tana hira a waya. Fuska ta kumbura, ta yi ja, ta saɓule, da ta lafa sai tabon ya fito ya fi da duhu, ya ƙara faɗi. Garin gyaran gira an kusa rasa ido. Kun san abin da Minttu ta ce? Wai na'urarta ba ta taɓa ba ta kunya ba, sai dai in fatar ce ba irin tamu ba.

Daga nan Senja ta tafi wajen likitar fata ta gaske. Matar ta haska fuskar da fitila, ta daɗe tana dubawa, ta ce sunan ciwon melasma, kuma ba a korarsa da faɗa, lallashinsa ake yi. Ta ba ta man shafawa na kwanciya barci, mai yaji, mai sa fata ta yi ta saɓa. Ta ba ta man kare rana mai kala, ta ce ta shafa kullum ko da sama ta rufe ruf. Ta ce sai fatar ta huce za a fara leza, wato bin tabon da hasken na'ura, ita ma mai sanyin hannu, kaɗan-kaɗan, da tazara a tsakani. Sannan ta kafa mata doka biyu: rana da zafi. Ta nemi malafa mai faɗi. Kuma ban da sauna, ɗakin nan namu na wankan tururi mai zafi.

Senja ta ce nan take ta hango rigima, don ta san gidan da ta yi aure.

Ta kama magani hannu bibbiyu. Duk tsawon hunturu tana shafawa, fuska na raɗaɗi, tana zuwa asibiti ana bin kumatunta da leza kamar ana ɗalla mata roba. Aarne ne ke kai ta, ya zauna a mota yana jira da injin a kunne don ta tarar da ɗumi. In ta fito ta tambaye shi ko ya ga ya ragu, amsarsa ɗaya ce kullum: shi bai ga komai ba, tana nan yadda take. Da fari maganar tana sanyaya mata rai. Kafin ƙanƙarar tafki ta narke tabon ya dusashe sosai, har ta fara fita ba hoda, tana ɗaga kai in ana yi mata magana.

Sai bikin tsakiyar bazara ya zo, dangi suka taru a gidan katakon bakin tafki, wanda mahaifinmu ya bar mana ni da Orvokki. Ku ba ku zo ba a shekarar, kowa ya kawo uzurinsa. Senja ta sauko daga mota da malafarta, Orvokki ta dube ta sama da ƙasa ta ce ashe bana da sarauniya za a yi bikin, da an sani da an shimfiɗa jan kilishi har bakin ruwa. Minttu ta yi dariya har da riƙe ciki.

Da yamma hayaƙi ya gama fita daga sauna, aka ce mata su fara. Kun san matsayin ɗakin nan a wajen Orvokki. A cikinsa uwarmu ta haife ta, kuma tun da ta zama babba a gidan ta mai da shi kotu. A bencin sama ake yanke wa za ta auri wa, wa ya yi laifi, wa aka yafe wa. Senja ta matso a hankali ta ce wa Orvokki, "Kaka, ku shiga, ni zan zauna da Vilja. Likita ta hana ni zafi."

Orvokki ta tsaya da tawul a kafaɗa. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin ciwon da sauna ke ƙarawa ba, ciwon da tururi bai warkar ba sai dai kabari. Ta ce in ma akwai abin da fuskar nan ke nema to gumi ne, ya wanko dattin daga ciki. Sannan ta faɗi maganar da ta zo faɗa: "A gidan nan wanda bai shiga ɗakin can da mu ba, baƙo ne. In ƙyamar jikinmu kike ki faɗa, ba sai kin ɓuya a bayan likita ba."

Senja ta nemi mijinta da ido. Ya ja ta bayan tarin itace, yana murza hula a hannu kamar yaron da aka kama da satar sukari. Ya ce ta san halin Mama, in aka fara wannan rigima bikin ya lalace. Ya ce, "Sau ɗaya kawai. Ki zauna a bencin ƙasa, ki ɗan jima ki fito. Don ni."

Da ya ce don Mama, da ta ƙi. Da ya ce don ni, sai ta cire malafar ta ba shi ya riƙe.

Bencin ƙasa? Tana shiga Orvokki ta kamo hannunta ta hawo da ita sama, kusa da ita, wai wajen girmamawa ne. Ta ɗauki ludayi ta watsa ruwa a kan duwatsun da wuta ta gasa, tururi ya taso ya daki rufi ya sauko musu a ka. Kafin ya lafa ta ƙara. Ta ƙara. Ina ciki, na ce Orvokki ya isa haka, ta ce ƙofa a buɗe take ga duk wadda ba ta da ƙashi. Senja ta ji kumatunta suna bugawa kamar an ɗora musu garwashi. Ta san tana tashi za a ce ga shi nan, jinin baƙi ne. Ta dafe gwiwa ta sunkuyar da kai, gumi da hawaye suka haɗu, ba mai iya rabewa. Minttu kuwa tana kaɗa mata ɗaurin ɗanyen ganye a baya tana cewa, "Yauwa, yau kin zama tamu."

Da aka fito gumi ya wanke man kare ranar tas. Aka baje a kan katakon bakin ruwa, ga sabon dankali, ga kifi, ga rana irin ta lokacin da ba ta san faɗuwa ba, tana dukan ruwa tana dawowa fuska. Senja ta miƙa hannu za ta ɗauki malafa, Orvokki ta ce hoto za a ɗauka, kada a ɓata shi da faifai. Aarne na zaune yana ɓare dankali.

Kafin watan gaba ya ƙare tabon ya dawo, ya fi na farko duhu. Wahalar hunturu guda ta bi tururi. Likita ta duba ta girgiza kai, ta ce a dakatar da leza, fatar ta fusata, sai an koma tun daga farko. Orvokki da ta ji sai ta ce ai dama ta faɗa, maganin likitocin nan yaudara ce. Minttu ta aiko cewa ta yi sabon kwas, in ana so ta sake gwadawa.

Senja ta tsaya gaban madubi ta kira mijinta, ta ce ya dube ta da kyau ya faɗa mata abin da ya gani. Bawan Allah ya buɗe baki ya maimaita karatunsa, wai shi bai ga komai ba, a wajensa tana nan da kyanta.

Ta ce, "Abin da ke kashe ni ke nan, Aarne. Ba ka ga tsumman da aka miƙo mini ba. Ba ka ga abin da Minttu ta yi mini ba. Ba ka ga ludayin Mama ba. Na ce maka wuta ce, ka ce in shiga don kai, na shiga. Kai me ka taɓa shiga don ni?"

Ta jira. Ya juya ya fita. Washegari ta haɗa kayanta da na Vilja ta hau jirgin ƙasa zuwa garin Kotka wajen uwarta. Ta ce masa ba rabuwa take nema ba, kuma ba fuskar ce ta kore ta ba, da tabo ana zaman aure. Amma ba za ta ƙara kwana ɗaki ɗaya da mutumin da za a ƙona ta a gabansa yana ɓare dankali ba.

Ku zo ku ga murna wajen Orvokki. Kullum tana hanya da kwanon abinci zuwa gidan ɗa, tana wanke masa riguna, tana cewa dama abin da ba naka ba ba ya zama. Minttu har ta fara kawo wata ƙawarta shan kofi, mai fuska fara sol kamar faranti, da kai fanko kamar farantin da aka cinye. Uwa da 'ya sun rushe gida suna tafa wa kansu.

Senja kuwa ta koma kan maganinta tun daga tushe. Ta sami likita a can, ta sake jure raɗaɗin man, ta sake jiran fata ta huce. Ba ta zagi kowa ba. Duk mako takan tura wa Orvokki hoton Vilja, ta rubuta a ƙasa cewa tana gai da Kaka, ko da ba a taɓa amsa mata ba. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne tana kewar mutumin. Takan ji ƙarar mota a titi ta leƙa taga, sannan ta ji haushin kanta.

Shi ma bai daina zuwa ba. Duk Asabar sai ga shi ya rame, ya ɗauki Vilja, ya gyara wa surukarsa matakala, ya sauya wa motar Senja tayoyin hunturu, ya sha kofi, ya tafi. Ta ce a ranta in da gyaran matakala na gyara aure da tuni sun koma. Wata rana ranar asibitinta ta faɗo yana gari, ya kai ta. Ta buɗe ƙofa za ta fita sai ta ji ya kashe injin. Ya biyo ta har ɗakin likita, ya tsaya a bango. Da aka haska fitilar a fuskarta ta ga yana kallo, ba ya ƙiftawa. Ya tambayi likita ko zafin wuni ɗaya zai iya yin wannan. Likita ta ce zafi da rana a kan fatar da ake yi wa leza, ƙwarai kuwa.

Da Kirsimeti ya matso ya roƙe ta ta zo gidan uwarsa ranar jajibiri. Ta ce ta je ta yi me? Ya ce, "Ki zo dai. In ba ki ga abin da kike nema ba, ni da kaina zan mai da ke Kotka, ba zan ƙara roƙonki ba."

Ta je, zuciyarta a dake. Tun rasuwar ubansa Aarne ne ke hura wutar saunar jajibiri, kuma ya hura kamar kullum. Da rana tsaka mata suka tashi shiga, Senja ta zauna a kicin tana juya kunun shinkafa. Orvokki ta wuce ta gabanta ta ce wa Minttu, da ƙarfi yadda kowa zai ji, a bar baƙuwa ta huta, kada fentin ya narke.

Mata suka fito, maza suka miƙe, mijin Minttu da kawunnan Aarne. Aarne ya jawo kujera kusa da matarsa ya zauna, ya ɗora Vilja a cinya.

Orvokki ta miƙo masa tawul. Ya ce, "Ba zan shiga ba, Mama."

Ta tambaye shi ko ba shi da lafiya.

"Lafiyata ƙalau. Ke kika ce wanda bai shiga ba baƙo ne. To baƙinki uku ne yau, ni da matata da 'yata. In ana ba baƙi abinci a gidan nan, za mu ci. In ba a ba su, mota na waje."

Orvokki ta ce ko ya san abin da yake faɗa, namiji ya ƙi saunar jajibiri a gidan ubansa, me zai ce wa mutumin da ke kwance a makabarta? Ya ce ubansa bai taɓa watsa wa baƙo ruwa don ya ƙona shi ba. Ya ce, "Na ga abin da kika yi a tafki, na yi kamar ban gani ba, wannan laifina ne. Daga yau ba zan ƙara taka sauna ba, ko ta nan, ko ta tafki, ko ta wajen aiki, sai ranar da kika dubi Senja kika ce ta yafe miki."

Minttu ta ce, "Lallai an shanye ka!" Ya ce ta je ta kashe na'urarta kafin ta makantar da wani.

Tun da Senja ta san shi ba ta taɓa jin ya jera magana mai tsawon haka ba. Ludayin na hannunta, hawaye na ɗiga a gefen tukunya, ta kasa ko juyawa. Shi ya karɓi ludayin ya ci gaba da juya kunun don kada ya kama. Aka ba su abinci, ba don an so ba. Da suka fito ya tambaye ta ina za a nufa, Kotka ko gida. Ta ce gida.

Yau shekara ta zagayo da rabi, mutumin nan bai shiga sauna ba. Abokan aikinsa sun yi masa tsiya har sun gaji, suna tambayarsa ko shi ma malafa za a saya masa. Ya ce a sayo mai faɗi. Fuskar Senja ta washe, ba duka ba, akwai 'yar inuwa a kumatun da likita ta ce wataƙila abokiyar zama ce, sai dai a yi ta lallashi. Tana shafa manta, tana sa malafarta, tana tafiya da kanta a sama, mijinta a gefe.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne wannan. Haƙurin yarinyar nan bai faɗi ƙasa banza ba, ta sami fuskarta, ta sami mijinta. Amma haƙurin da za ka shiga wuta don a ce kana da kirki, wannan ba haƙuri ba ne, wauta ce, kuma ta biya kuɗinta da fatarta. Namijin da ke cewa bai ga komai ba, ba kirki ne da shi ba, tsoro ne. Al'adar da aka gada don a wanke jiki a huce rai, duk wanda ya mai da ita bulala shi ya ɓata ta, ba wanda ya ƙi shiga ba.

To jiya Orvokki ta bugo mini. Har yau ba ta nemi gafarar ba, wai ita ba ta ga laifin da ta yi ba. Ta ce bana duk wanda ba zai shiga sauna ba kada ya taka gidan tafki, ko da ɗanta ne. Rabin gidan tafkin nawa ne, kuma na riga na bar muku, don haka bakina ya fita, naku ya shiga. Ko ku bar ta ta rufe ƙofa ta zauna ita da Minttu suna gasa juna, ko ku je ku gaya mata a rabinku akwai gado uku da inuwa don Aarne da matarsa da 'yarsu. Yayata ce, ta tsufa, ban ce ku wulaƙanta ta ba. Amma kada ɗayanku ya ce mini bai ga komai ba. Jorma, kai ne babba, fara. Ba wanda zai tashi daga teburin nan sai kun ba ni amsar da zan kai mata.